Wasiƙa zuwa Bilma a kan dokokin aji

Damagaram, 16 ga Nuwamba 2025

Zuwa ga aminina Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da uwargida da yara, kamar yadda ta bar mu a nan. Mutanen Birni duk suna lafiya, an gama girbin hatsi, sanyi kuma ya fara leƙowa da asuba, ko da yake na san abin da muke kira sanyi a Damagaram wasan yara ne ga wanda ke kwana a Kawar, yankinku na Bilma. Saƙonka ya iso hannuna, na kuma yi murna da jin cewa bayan shekarun da ka yi a bayan teburin ofis ka koma riƙe alli, an ba ka aji na CM1, wato aji biyar na firamare. Allah Ya taya ka riƙo.

Ka roƙe ni in kwafo maka dokokin da na liƙa a bangon ajina domin kai ma ka liƙa a naka. Zan aiko maka da su, amma na ga idan na aiko da takardar ita kaɗai na cuce ka, domin layi bakwai ne kacal a cikinta, kuma wanda bai san yadda aka yi suka koma bakwai ba zai ɗauka kasala ce ta hana ni ƙarawa.

Shekarar da muka fito daga makarantar horon malamai ta Askiya Muhammad, aka tura kowa inda rabonsa yake, na shiga aji da dokoki ashirin da uku, na rubuta su da Faransanci a kan babbar takarda, kowace tana farawa da kalmar hani. Yara suka haddace su kamar karatun allo, suna rerawa kowace safiya bayan an ɗaga tuta, ni kuwa ina jin daɗi ina cewa na kafa tsari. Sai wata rana na tambayi wani yaro ma'anar doka ta huɗu, wadda ya gama rerawa da ƙarfi a lokacin nan, ya dube ni ya yi shiru, na tambayi na kusa da shi, shi ma haka. Ashe wata uku na yi ina hukunta yara a kan maganar da ba su taɓa fahimta ba. Ka tuna sambol ɗin zamaninmu, wancan ƙashi da ake rataya wa duk wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa a harabar lakwal, wato makarantar boko, da yadda muka koyi yin shiru da leƙen asirin juna maimakon mu koyi Faransancin da ake so mu koya? Ranar nan na gane ni ma sambol na rataya wa ajina, sai dai nawa na takarda ne. Abin ya ƙara ba ni kunya da na tuna cewa a garin nan namu aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tun 1973. Yanzu da kundin sake gina ƙasar Nijar da aka kafa a wannan shekara ta 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ba ni da sauran hujjar ɓoye wa yaro doka a cikin harshen da bai iya ba. Ina rubuta kowace da Hausa, in sa Faransancinta a ƙasa. Kai kuma a can sai ka duba abin da yaranka suke ji a gida, Barbarci ne ko Tubanci, ka nemi wanda zai taimake ka ka faɗa musu da shi.

Abin da nake yi yanzu shi ne, a makon farko na Oktoba, kafin mu nutsa cikin karatu, nakan ware rabin safiya in tambayi yara abin da ke hana su fahimta a aji. Bana yarana tamanin da huɗu ne, uku uku a benci, wasu huɗu. Za ka sha mamakin yadda suka san ciwonsu: surutun na baya, satar bik, wato biro, manya da ke ƙwace wurin zaman ƙanana, dariyar da ake yi wa wanda ya ba da amsa ba daidai ba. Daga bakinsu nake tsamo dokokin, in gyara lafazi, sa'an nan kowa ya sa hannu a ƙasan takardar, ni ma in sa nawa a layi ɗaya da nasu. Sa hannun nan nawa ya taɓa kama ni, zan kuwa ba ka labari.

Dokar zuwa a kan lokaci ita ta fi ba ni wahala, ita kuma ta fi koya mini aiki. Ka san halin ruwa a Damagaram, musamman daga Maris zuwa Mayu, lokacin da famfo kan yi kwanaki bai ɗiga ba, yara su tashi tun kafin kiran salla su bi layi da jarkoki. Akwai masu zuwa makarantar allo da asuba, akwai ƴan matan da sai sun kai tallan koko sun dawo da ciniki kafin a sallame su. Da can duk wanda ya iso bayan ƙarfe 8 nakan sa shi durƙuso a bakin ƙofa har a fita rekare, hutun nan na safe, wato yaron da ya rasa minti goma sha biyar na karatu sai ni da kaina in ƙara masa asarar awa biyu, in kuma kira wannan tarbiyya. Yanzu dokar tana cewa wanda ya makara ya shigo ba tare da ya katse darasi ba, ya zauna a bencin da ke kusa da ƙofa, ya rubuta sunansa a kayen makara, wato littafin sunayen waɗanda suka makara, ya zo ya yi mini bayani lokacin rekare. Idan suna ya fito sau uku a mako guda, ba yaron nake tuhuma ba, gidansu nake nema. Sau da yawa magana ɗaya da uwa, ko ta bakin matan ƙungiyar iyaye mata ta makaranta, takan sa a sauya wa yarinya lokacin talla, abin da durƙuson shekara bai taɓa yi ba.

To, wata Talata babur ɗina ya mutu a hanya wajen kasuwar Dole, na iso aji da kusan rabin awa a makare. Ina shiga na tarar da wata yarinya, ƙarama a jiki amma ba ta da tsoro, ta ajiye kayen makara a buɗe a kan teburina da bik a kai, aji kuwa ya yi tsit ana jiran a ga abin da mushe, wato ni malaminsu, zai yi. Ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci, har na buɗe baki zan tsawata. Sai idona ya faɗa a kan sa hannuna a bango. Na ɗauki bik na rubuta sunana a ƙarƙashin na wani yaro da ya makara jiya, da aka fita rekare kuma na tsaya na yi musu bayani kamar yadda nake sa su yi mini. Wani abokin aikinmu ya ce na zubar da girmana, har yau bai sauya ra'ayi ba, ni ma ban sauya ba, domin tun daga ranar ban sake jin yaro ya yi gardama a kan rubuta sunansa ba.

Maganar surutu ba ta da tsawo. Mai son magana ya ɗaga hannu ba tare da kaɗa yatsu da kiran mushe, mushe ba, kuma idan wani yana magana, ko ni ko ɗalibi, sauran su saurara. Shawara ɗaya zan ba ka a nan: kada ka ba shugaban aji aikin rubuta sunayen masu surutu idan ka fita. Na gwada, sai na tarar ana sayen suna daga takarda da ƙuli-ƙuli da dala biyar, wanda ba shi da abin bayarwa kuwa kullum shi ne mai laifi. Yanzu shugabancin yana zagayawa kowane wata, aikinsa kuma raba littattafai da lura da jadawalin shara, wanda maza da mata suke ciki daidai wa daida, duk da ƙorafin da wasu iyaye maza suka kawo da farko.

Game da aikin makaranta, abin da nake nema daga yaro kaɗan ne, amma ba na sassautawa a kansa. Kowa ya zo da allonsa da alli da kaye, domin da aji mai yawa irin namu babu abin da ya kai dabarar nan ta La Martinière da aka koya mana: in yi tambaya, in buga tebur su rubuta, in sake bugawa su ɗaga alluna gaba ɗaya, cikin ƙiftawar ido in ga wanda ya gane da wanda ya ɓata. Aikin gida kuwa ba ya wuce tambaya biyar. Dalilina shi ne yawancinsu littafi ɗaya suke rabawa su uku, da yawa kuma da fitilar hannu suke karatu idan dare ya yi, sa'an nan ni kaina ba zan iya duba tambaya ashirin sau tamanin da huɗu in yi adalci ba. Aikin da malami ya bayar bai duba ba, yara sukan gane tun a mako na biyu, daga nan sai kwafe a gindin bishiya kafin a buga ƙararrawa. Na yi musu alkawarin duk abin da na ba su zan mayar da shi da gyara cikin kwana biyu, su kuma suka yi mini alkawarin wanda bai iya ba zai rubuta inda ya tsaya, ya ce daga nan ne ban gane ba. Irin wannan yana samun maki a wurina. Wanda ya kwafa kuwa, shi da wanda ya ba shi, sukan sake aikin a gabana, kuma ba na ba su sifiri, domin sifiri ba ya nuna mini abin da yaro ya sani. Haka nan na daina karanta sakamakon jarrabawa daga na ɗaya har na ƙarshe a gaban aji. Nakan kira goman farko, in kira waɗanda suka fi kowa ƙaruwa a kan makinsu na baya ko da daga 3 suka koma 4 bisa 10, sauran kowa ya karɓi nasa a hannu.

Na san za ka tambaye ni bulala. Hukumomin ilimi sun hana, amma ni da kai mun san tana nan a bayan allo a azuzuwa da yawa, kuma akwai uban da zai kawo maka ɗansa ya ce idan ba ka duka to ba ka koyarwa, ya kawo maka karin maganar icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Nakan amsa masa da cewa tanƙwarawa aka ce, mai gaggawa kuwa karyawa yake yi. Na yi duka a shekaruna na farko, ba na alfahari da shi. Abin da na lura shi ne aji yakan yi shiru, amma hannuwa sukan daina tashi, wanda kuma ya saba da bulala ranar da ba ta nan ba ka da sauran abin riƙe shi. Hukuncina yanzu daga jikin laifin yake fitowa: wanda ya ɓata wuri ya share, wanda ya yaga littafi ya liƙe shi, wanda ya ci mutuncin wani a gaban aji ya nemi gafara a gaban aji. Ba kullum yake aiki ba. Ina da yara biyu bana da suka gagare ni, har na kai maganarsu gaban darekta da kwamitin kula da makaranta, ana nan ana fama.

Dokoki biyu ne ban nemi shawarar kowa a kansu ba. Ta farko, ba a yi wa wanda ya yi kuskure dariya, domin ina da yaro mai in'ina wanda ya shekara biyu bai buɗe baki a aji ba kafin ya zo hannuna, kuma na fi son in ji amsa goma marasa daidai da in ga ya koma shirunsa. Ta biyu ita ce ta wuta. Babu mai shigowa da ashana ko wani abin kunna wuta, kuma ba a ajiye jaka ko benci a bakin ƙofa. Ajina na siminti ne, amma ƙannen yarana na CI da CP, wato aji ɗaya da aji biyu, a rumfunan zana suke a harabarmu, kuma ba wanda ya manta da gobarar unguwar Pays-Bas a Yamai cikin Afrilun 2021, wadda ta ci yara ashirin, da ta Maradi cikin Nuwamban shekarar, wadda ta ci fiye da haka. Sau ɗaya a wata nakan buga tebur ba zato in ce a fita, su fita layi layi ba gudu ba turereniya, ina duba agogo. Idan akwai rumfar zana a makarantarku, ina roƙonka ka fara da wannan tun kafin takardata ta iso.

Zan ba direban da ke zuwa Agadas takardar a ranar Alhamis, daga can a miƙa maka ta hannun masu zuwa Dirku, na kuma haɗa da kwalin alli biyu da kayen makara sabo. Idan ka amsa, ka gaya mini yadda zuwan ayarin gishiri da aikin dabino suke taɓa zuwan yara aji a wurinku, domin ina zaton dokar makara tawa, wadda aka yanka a kan matsalar ruwan Damagaram, sai ka sake mata ɗinki kafin ta shiga jikin yaran Bilma. Ka gaishe mini da uwargida da yara, mutanen gida ma duk suna gaishe ku.

Wassalam.

Naka amini,
daga Birnin Damagaram