Kada ka bari a cire haƙorin nan

Argungu, Jihar Kebbi

Aminina Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya Fatakwal da ruwan sama?

Na ji saƙonka cewa haƙorinka na gaba da ya ɓantare ranar da kuka faɗi a babur ya fara baƙi, har kana shirin a cire shi ka huta. Don Allah dakata.

Irin wannan ne ya sami 'yarka Zainab, wadda ke karatu a Aliero. Nata ma ya dushe, ƙurji ya fito a dasashi. Kanumfari kan kwantar da zafin, amma ba ya kaiwa inda ciwon yake. Da muka je wurin likitan haƙori a Birnin Kebbi, ya ɗauki hoto, ya nuna mana wani ɗan duhu a ƙarshen saiwar. Ashe jijiyar ciki ce ta mutu, ƙwayoyin cuta suka taru a wurin.

Ina tsaye aka yi aikin. Bayan allurar kashe zafi, ya huda ɗan rami ta bayan haƙorin, wajen harshe. Da wasu siraran ƙarafa ya riƙa kwaso matacciyar jijiyar, yana wankewa da magani, sannan ya cike gurbin da wata irin roba, gutta-percha, ya toshe. Ko motsi ba ta yi ba. Kuma ka yi sa'a, haƙorin gaba galibi hanyar jijiya ɗaya gare shi, ba kamar turame masu uku ko huɗu ba.

Da kumburin ya saɓe aka koma batun hula, wato murfin da ake kifa wa haƙorin. Ya rage jikin haƙorin, ya ɗauki awo, ya yi ta kara samfuran launi kusa da sauran haƙoranta har ya sami wanda ya dace. Kamar haƙorin Makka na hajiyoyi ake sawa, sai dai wannan na tangaran ne, fari. Wallahi in tana dariya ba ka iya nuna shi.

Akwai kuɗi, ba zan ɓoye maka ba. Amma giɓi ma ba kyauta ba ne: maƙwabtansa kan karkato, ƙashin wurin ya zaizaye, ƙarshe ka sayi na roba. Saiwarka ta fi.

Sharaɗin da aka kafa mata shi ne ba ɓare rake, ba fasa ƙashi, ba buɗe kwalba da shi. Kai kam sai an haɗa da goro.

Ka je a ɗauki hoton a makon nan, ka kira ni in ji abin da likita ya ce. Ka gaishe da Maman Abba da yara.

Naka,
Bello