A keɓe mana duwatsun Damagaram domin hawa da kallon gari

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin mutanen Damagaram, da masu riƙe da ragamar birnin, zuwa ga wata dukiya da Allah Ya ajiye mana a ƙofar gida, wadda yawan sabo ya sa muka daina ganin darajarta. Ina nufin manyan duwatsun nan da ke jibge a cikin Birni da kewayensa, wasu a ɗore kan wasu tamkar da hannu aka jera su. Baƙo daga Maraɗi ko Kano yakan tsaya ya yi ta kallonsu, amma da wuya ka sami ɗan gari, in ban da yara masu biyar awaki, da zai ce maka ya taɓa hawa ɗaya daga cikinsu don kawai ya ga garinsa daga sama.

Hawan ba ya buƙatar wani shiri na musamman, illa dai mutum ya fita bayan sallar asuba, tun dutse bai ɗauki zafi ba, ya kuma bar silifas a gida, domin akwai wuraren da ƙafafun yara da ruwan damina suka goge har suka yi santsi. Jikin dutsen yana da kaushi a yawancin wurare, yana riƙe tafin ƙafa, kuma a kan hanya mutum zai ga inda rana da sanyin dare suka ɓantare fatar dutsen falle-falle, da ƴan ramukan da ke riƙe ruwan sama kwanaki bayan an ɗauke, da jan gwada kwance yana gyaɗa kai, ba ya ko gusawa sai an zo dab da shi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, sa'ad da ruwa ya wanke sararin sama, gonakin gero kuma ba su gama bushewa ba. Da hunturu ya kankama hazo yakan rufe komai, a bazara kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mai hankali ba ya taka dutse bayan hantsi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ake gani daga can sama, domin a ganina babu littafin da zai koya wa ɗan makaranta tarihin garin nan kamar yadda tsayuwar rabin sa'a a kan dutse za ta koya masa. Ga Birni a shimfiɗe, da lungunansa masu karkacewa, da soraye masu zankwaye da indararo, da fadar Sarkin Damagaram da hasumiyar masallaci a tsakiya. Wanda ya san inda zai duba zai iya bin sawun ganuwar da ta kewaye garin a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya ɗaukaka Damagaram a ƙarni na 19 har ta mallaki igwa, ko da yake abin da ya rage na ganuwar bai taka kara ya karya ba. Ta arewa kuma ga Zango, masaukin ayarin raƙuma da fataken da ke ratsa Sahara, kuma tazarar da ke tsakaninsa da Birni ita kaɗai ta isa ta nuna wa yaro yadda magabata suka raba wurin sarauta da wurin baƙi da ciniki. A tsakanin biyun ne Faransawa suka kafa nasu mazauni bayan sun ci garin a 1899, shekara guda bayan kisan Kyaftin Cazemajou, wani hafsan sojan Faransa, a garin a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, kuma ba banza ba suka zaɓi kan dutse suka gina sansaninsu: wanda ke sama yana ganin kowa.

Dutsen nan da ake takawa shi ne kuma amsar tambayar da kowane ɗan Damagaram ya tashi da ita, wato dalilin da ya sa ruwa ke ba mu wuya. Abin da ya fito fili somin taɓi ne, domin irin wannan dutse ne shimfiɗe a ƙarƙashin garin, ba ya barin ruwa ya taru a ƙasa yadda rijiya za ta wadatar, shi ya sa ake janyo mana ruwa daga nesa, daga wurare irin su Gogo da Arunguza. Ƙarancin ruwan na cikin dalilan da ake ambatawa na ɗauke babban birnin Nijar daga nan zuwa Yamai a 1926. Malamin da ya tsayar da ɗalibansa a kan dutse ya nuna musu wannan, ya kuma nuna musu hanyar Tanut da Agadas, da ta Mirya, da wadda ta nufi Kano, ya gama darasin tarihi da na labarin ƙasa a zama ɗaya.

Sai dai halin da duwatsun ke ciki abin takaici ne. Gindin da yawa daga cikinsu ya zama juji da makewayi, baƙar leda ta cika kowane tsagi, har mutum yakan toshe hanci kafin ya sami inda zai sa ƙafa. A wasu wuraren bayan gari kuma guduma ce ke cin dutsen kullum, ana mayar da shi tsakuwar gini. Ba na zargin masu fasa dutse, domin aiki ne mai tsananin wahala da mutum ba ya shiga sai don neman abin sawa a bakin salati, kuma garin da ke bunƙasa dole ya nemi tsakuwa. Amma dutsen da aka fasa ba ya tsirowa, don haka ya kamata a san wanda za a ci da wanda za a bari.

Roƙona ga ma'aikatar magajin gari da fadar Mai Martaba Sarki shi ne su haɗa kai da masu unguwanni su zaɓi dutse ɗaya ko biyu masu sauƙin hawa, nesa da wuraren soja inda ɗaukar hoto kan jawo matsala, a hana fasa su da zubar da shara a gindinsu. Hanin ba zai yi tasiri ba sai an gina wa maƙwabtan wurin makewayi, domin ba don jin daɗi mutane ke zagayawa bayan dutse ba. Daga nan sai a share hanyar hawa, a sassaƙa ƴan matakala inda ya yi tsayi saboda dattawa, a damƙa kula da wurin ga samarin unguwar, su riƙa raka baƙi suna samun ɗan abin da za su sa aljihu. Shugabannin makarantu kuma, na boko da na Islamiyya, su sa fita ɗaya zuwa wurin a cikin tsarinsu na shekara, a watan Oktoba ko farkon Nuwamba, kafin hazo ya sauko.

Wassalam.

Naka,
wani mai karatu daga Damagaram