Kuɗin goron da muke yi wa juna a siyasar Kano

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni ɗan fili a shafinku na wasiƙu, domin akwai abin da ya tsaya mini a rai tun watan jiya, kuma na lura ba gidanmu kaɗai ya shafa ba.

Wani yaro ne ya zo neman auren 'yar yayana. Aka yi bincike kamar yadda aka saba. Yana da sana'arsa ta gyaran waya a kasuwar Farm Centre, maƙwabtansa sun shaide shi da sallar jam'i, ba ya shaye-shaye, iyayensa mutanen kirki ne. Magana ta kusa kai wa ga sa rana, sai Yaya ya ga hotonsa a waya sanye da jar hula irin ta 'yan Kwankwasiyya a wurin wani taron siyasa. Nan take ya ce a dakata. Na ce, "Yaya, me yaron ya yi?" Ya ce, "Ba sai ya yi ba, ai na san halinsu. Duk 'yan jagaliya ne, ba su ganin kowa da gashi sai mutum ɗaya." Na tambaye shi ko ya taɓa zama da yaron ko da na minti biyar. Bai taɓa ba.

Kada wani ya ɗauka ɓangare ɗaya nake zargi. A layinmu akwai dattijo mai kantin kayan masarufi wanda ya yi wa APC aiki a zaɓen 2023. Wani matashi ɗan Kwankwasiyya, tsohon ɗalibina kuwa, ya gaya mini da bakinsa cewa ko ashana ba zai ƙara saya a wurinsa ba, wai "dukansu butulu ne, ɓarayi." Dattijon nan shi ne yake ba rabin gidajen layin bashin sukari da gero duk azumi, har da gidan su matashin. Ko majalisarmu ta bayan la'asar, wadda ta haura shekara ashirin a kan benci ɗaya, yanzu ta zama biyu, kowacce da mai shayinta.

Bahaushe yana kiran wannan kuɗin goro. Amma ku je kasuwar goro ta Mariri ku gani, mai goro na gaskiya ba ya yin haka. Zama yake yi ya buɗe huhu, ya ware marsa daban, ƙanana daban, wanda sankara ta taɓa ya fitar da shi kada ya ɓata sauran. Abin da ɗan kasuwa ba zai yi wa goro ba, shi muke yi wa mutane.

Ciwon ya girme mu. Mahaifina ɗan NEPU ne, jam'iyyar da aka kafa a nan Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ƙaninsa kuma ɗan NPC ne. Ɗaya yana cewa Sawaba, ɗaya yana cewa Salama, a cikin gida ɗaya. Baba ya sha ba mu labarin yadda ake kiran 'yan NEPU 'yan iska marasa ladabi, har da masu fitar da su daga addini, da yadda ake kai su gaban alkalin En'e, wato hukumar sarakunan gargajiya, a ɗaure su a kan kalmar da suka furta a wurin lacca, da yadda 'yan daban da ake kira 'yan Mahaukata ke far wa taronsu. Su kuma a nasu bakin duk ɗan NPC karen farautar sarakuna ne, azzalumi, ko da kuwa talaka ne futuk kamar baffana, wanda bai taɓa mallakar ko keke ba. Shekara huɗu suka yi ba su cin tuwo tare, sai rasuwar kakata ta haɗa su.

Wanda na gani da idona shi ne na Santsi da Taɓo, ɓangarori biyu da jam'iyyar PRP ta rabu. Mutanen da suka bi layi ɗaya suka zaɓi mabuɗin PRP a 1979, suna kiran Malam Aminu Kano uba, kafin a cika shekara biyu sun zama ba sa ga maciji. Ina sabon malamin makaranta ranar 10 ga Yuli 1981, lokacin da garin nan ya kama da wuta bayan takardar tuhumar da gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero. Aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa, a gidansa. Na tabbata da yawa cikin waɗanda suka je gidan nan ba su taɓa jin muryarsa ba. Sunan ɓangarensa kawai suka sani, kuma sunan ya ishe su.

A nan nake ganin tushen abin yake. Namu mun san su ɗaya bayan ɗaya. Idan ɗan ɓangarenmu ya fasa gilashin mota, sai mu ce ai wane ne, dama can ba ya jin magana, ko kuma an tsokane shi. Idan na can ɓangaren ya yi, ba ma tambayar sunansa, sai mu ce halinsu ke nan. Laifin namu na mutum ɗaya ne, laifin nasu na kowa da kowa ne. Alherin namu kuma shi ne halinmu, nasu kuwa sai a ce da wata manufa. Da wannan awo babu yadda za a yi ɗan adawa ya fita, domin duk abin da ya yi sai ya ƙara tabbatar da abin da muka riga muka yanke. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hangen nasu.

Ban ce babu ciwo na gaskiya a ƙarƙashin ƙiyayyar ba, kuma duk wanda ya ce babu bai zauna a Kano ba. Ɗan jar hula yana tuna zaɓen 2019 da aka ce bai kammala ba, da abin da ya faru a Gama ranar 23 ga Maris, lokacin da 'yan daba suka cika mazaɓar. Wani a ɗaya ɓangaren yana tuna rusau ɗin watan Yunin 2023, lokacin da shagon da ya zuba dukiyarsa ya zama ƙasa. Rigimar masarauta, tun daga ƙirƙiro sababbin masarautu a 2019 da tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi II a 2020 zuwa mayar da shi a 2024, ta ƙara raba zukata har a cikin dangi ɗaya. Wanda aka cuta yana da haƙƙin ya yi fushi. Tambayata ita ce, da wa? Mai gyaran wayar nan ba shi ya tuƙa katafila ba. Mai kantin layinmu bai taɓa riƙe gora a Gama ba. Waɗanda suka yi da waɗanda suka sa aka yi suna da sunaye, kuma 'yan kaɗan ne cikin masu jefa ƙuri'a. Sai dai su sun yi mana nisa, ga katanga ga 'yan sanda a ƙofa, maƙwabci kuwa yana kusa. Shi ya sa fushin yake sauka a kansa.

Da ina koyarwa na karanta wani gwaji da ban manta ba. A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Muzafer Sherif, haifaffen Turkiyya, ya kai yara maza 22 'yan kimanin shekara goma sha ɗaya wani sansani a jihar Oklahoma ta Amurka. Yaran ba su san juna ba, kuma babu bambancin addini ko launin fata a tsakaninsu. Ya raba su gida biyu, kowane gida ya raɗa wa kansa suna ya yi tuta, sannan aka shirya musu gasa wadda wanda ya ci ne kawai zai kwashe kyauta. Cikin 'yan kwanaki suka fara zagin juna, aka ƙona tuta, aka kai hari ɗakunan kwana, kowane gida yana cewa 'yan ɗaya gidan matsorata ne 'yan maguɗi. Da aka haɗa su cin abinci don su shirya, jifan juna suka yi da abincin. Ba su sassauto ba sai da ruwan sansanin ya ɗauke dole suka nemi inda ya toshe tare, sai kuma motar abinci da ta ƙi tashi suka haɗu suka ja ta da igiya.

Abin da ya fi kama ni a labarin shi ne kyautar nan da ba a rabawa. Haka siyasarmu take. A jihar da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa da yawa suka rufe, gwamnati ta zama rijiyar da kowa ke hange: ɗaukar aiki, tallafin karatu, kwangila, fili, rumfar kasuwa, kujerar Makka. Wanda nasa ya ci yana sa ran guga zai iso gare shi, wanda nasa ya faɗi ya san shekara huɗu zai yi yana kallo. Idan zaɓe ya zama batun tuwon dare, mai zaɓar wani ba ya zama mai ra'ayi daban a idonka, sai ka riƙa ganinsa a matsayin wanda ya tsaya tsakaninka da abincin 'ya'yanka. Ƙin mutum irin wannan ba ya wuya, kuma zuciya takan nemo masa munanan halaye daga baya don ta samu natsuwa da ƙin da take yi masa.

Sannan ga masu cin abinci da wutar. Sojojin baka suna hawa rediyo kowane dare, an saya musu fili, aikinsu su nemo kalmar da za ta fi ƙona ran ɗaya ɓangaren. Washegari kalmar tana bakin 'yan adaidaita sahu da yara 'yan makaranta. A Facebook da TikTok kuwa wanda ya fi iya zagi shi ya fi samun mabiya, domin abin da ya tayar da hankali shi mutane ke turawa, manhajar kuma ta ƙara yaɗa abin da aka fi turawa. Dattijo mai hankali da ke ɓangaren adawa ba ya yin bidiyo, yana gida yana jan carbi. Saboda haka fuskar da Yaya yake gani kullum a wayarsa da jar hula ita ce ta mafi rashin kunya a cikinsu, tsohon ɗalibina ma haka yake gani a ɗaya ɓangaren. Kowa yana auna miliyoyin mutane da mutum goma mafi muni.

Wani abu da ke ƙara dagula lamarin shi ne ba mu da abin yin musu a kai sai mutane. A zamanin su Baba aƙalla akwai batu a ƙasa, haraji da jangali da ikon En'e, kuma Rimi ya soke harajin da jangalin da ya hau mulki a 1979. Yau ku tambayi matashi bambancin manufar jam'iyyarsa da ta abokin gabarsa kan ruwan sha ko makarantun firamare. Sunan jagora zai ba ku. Idan siyasa ta koma bin mutum, sukar aikinsa takan zama kamar zagin uba, sai a bar maganar aiki a koma maganar amana da butulci, wato maganar hali. Hali kuwa da zarar an liƙa wa jagora, sai a liƙa wa duk mai binsa.

Su jagororin ba su ɗaure kansu da igiyar da muka ɗaure kanmu ba. Kwankwaso da Ganduje tare suka shiga gidan gwamnati a 1999, gwamna da mataimaki, suka sake komawa tare a 2011, kafin su ɓaɓe a 2016. Shekarau ya kayar da Kwankwaso a 2003, magoya bayansu suka shekara kusan ashirin suna gaba, sai ga su a inuwar NNPP ɗaya a 2022, bayan 'yan watanni kuma Shekarau ya koma PDP. Kwankwaso kansa ya yi PDP, ya yi APC, ya koma PDP, sannan NNPP. Ban ga laifinsu a wannan ba, siyasa ta gaji haka. Amma duk ranar da suka gaisa a filin jirgi ko wurin ta'aziyya, nakan tuna 'yan uwan da suka yanke zumunci saboda su, waɗanda babu mai shirya musu zaman sulhu a Abuja.

Mu da muke alfahari da karatu a garin nan mun san hukuncin wannan. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙin wasu mutane ya kai mu ga barin adalci, Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙubba, kuma Alƙur'ani ya maimaita cewa babu ran da ke ɗaukar laifin wani. Lokacin da wani cikin Muhajirai da wani cikin Ansar suka samu saɓani kowa ya yi kiran mutanensa, Manzon Allah (SAW) ya kira abin kiran jahiliyya, ya ce a bar shi domin abu ne mai wari. Sunayen nan biyu masu daraja ne, amma da aka mayar da su tutar faɗa sai ya tsawatar. To ina ga sunan jam'iyyar da ba ta kai shekarun jikana ba?

Roƙona gare ku 'yan jarida ƙarami ne, kuma yana hannunku. Idan matasa ashirin suka tare hanya, ku rubuta matasa ashirin, kada kanun labari ya ce "'yan jam'iyya kaza sun yi ta'asa." Idan mai magana da yawun wani ya zagi dukan mabiya wani a gaban makirufo ɗinku, ku tambaye shi wa yake nufi, ya kama suna. Kuma ku riƙa zuwa inda mutanen nan ke aiki tare, domin suna yi. A unguwarmu da taransifoma ta ƙone, jar hula da farar hula duk sun ba da karo-karo, mai kantin nan ne ya riƙe kuɗin, tsohon ɗalibina ne ya riƙe littafin, kuma ko naira ba ta ɓata ba. Da na tuna masa wannan shiru ya yi, ya ce, "Malam, ai shi Baba daban ne." Na ce masa sauran ma da ya zauna da su da ya ga daban ne.

Game da Yaya, ban yi masa gardamar siyasa ba, don na san ba za ta kai mu ko'ina ba. Na roƙe shi abu ɗaya, ya bar yaron ya zo ya gaishe shi a zaure, su yi sallar magariba tare, ya yi masa duk tambayar da yake so. Ya yi kwana uku bai ba ni amsa ba. Shekaranjiya ya aiko ɗansa ya ce in gaya wa yaron ya zo ranar Juma'a, amma ya bar hular a gida. Na isar da saƙon, yaron ya ce zai zo.

Wassalam.

Naku,
Malamin makaranta mai ritaya,
Gwammaja, Kano.