Masarar TELA: A Yi Wa Talaka Bayani Da Harshensa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan masarar TELA, masarar da aka sauya wa halitta, wadda aka ba manoma izinin shukawa a watan Janairun 2024. Masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ne suka yi aikinta, suka fitar da iri huɗu, SAMMAZ 72T zuwa 75T. Tun daga lokacin ake ta yawo da saƙonni a WhatsApp cewa tana hana haihuwa, tana kawo ciwon daji.

Ba na ganin laifin wanda ya ji tsoro. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara masu sanƙarau a 1996 ba, kuma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu zai yi. Amma a duba abin da ke ƙasa. Abin da aka saka wa masarar don kare ta daga tsutsa ya fito ne daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa da ake kira Bt. Yana kashe tsutsa idan ta ci, har da tsutsar nan da ta shigo mana a 2016 tana cinye zuciyar masara, amma hanjin ɗan Adam ba shi da wurin da sinadarin zai kama. A Amurka ana noma irin wannan masara tun 1996. Wani zai ce ai su dabbobi suke ba wa, kuma da gaskiyarsa. To, a Afirka ta Kudu fa? Can farar masara ce tuwon kullum kamar namu, kuma sun fi shekara 20 suna cin wadda aka sauya wa halitta. A 2016 Kwalejin Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta tattara ɗaruruwan bincike, ba ta samu shaidar ƙarin illa ga lafiya ba. Hotunan beraye masu ƙari da ake turawa kuwa daga binciken wani masani mai suna Seralini ne na 2012 a Faransa, wanda mujallar da ta buga shi ta janye a 2013.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne gubar da muke ci ba mu damu ba. Masarar da tsutsa ta huda, aka zuba a rumbu da ɗanyenta, tana yin fumfuna mai gubar aflatoksin, wadda aka tabbatar tana kawo ciwon dajin hanta. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya. Ga kuma maganin ƙwari da ake zubawa a buhun hatsi, wanda ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Wa ke tura saƙo a kan waɗannan?

Hukumar NBMA, mai sa ido a kan abubuwan da aka sauya wa halitta a Najeriya, ita ma tana da nata nauyin. Ana maganar saka alama a jikin kayan da aka sauya wa halitta, alhali mu da mudu da tiya muke awo a kasuwa. Ta yaya mai saye zai san wadda ya auno? Ina roƙon jaridarku ta tura wakili Samaru da ofishin hukumar a Abuja, a tambaye su gwaje-gwajen da aka yi a nan gida da sakamakonsu, a buga mana amsar da Hausa.

Naku,
Wani manomi, Funtuwa, Jihar Katsina