Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jihar Zamfara kan yaran da kumburin gaɓoɓi ke naƙasawa

Mai girma Gwamna Dauda Lawal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya yi riƙo da hannunka, ni tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi shekaru masu yawa a ɗakin yara kafin ta yi ritaya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne dokar ta-ɓaci da ka ayyana a fannin lafiya a farkon 2024. Mun ga fenti, mun ga sabon kwano, mun ga gadaje, kuma ba mu raina ba. Sai dai akwai wasu yara da dokar ba ta iso gare su ba, domin ba sa cikin lissafin kowa.

Ina nufin yaran da garkuwar jikinsu ta juya tana yaƙar jikin da aka halicce ta don ta kare. A wasu gaɓoɓi take kama wa: gwiwa ko wuyan hannu ya kumbura, yaro ya tashi da safe a sandare, sai rana ta ɗaga jikinsa ya saki. Idan ciwon ya fara kafin shekara 16, kumburin ya wuce mako 6, kuma ba a gano wani dalili ba, likitoci suna kiransa amosanin gaɓoɓi na yara. A wasu kuma, musamman 'yan mata, cutar lufus ce, wadda ke taɓa fata da jini da ƙoda, kuma an san ta fi tsanani a jikin baƙar fata.

Akwai wata yarinya 'yar shekara bakwai da har gobe ban manta da ita ba. An kawo ta wani asibiti da na yi aiki, gwiwoyinta biyu a kumbure. Duk wanda ya dube ta sai ya ce sikila ce, har da ni, domin a nan ƙasar yaro mai kukan ƙashi sunan da muke fara ba shi ke nan. Gwajin jini ya nuna ba ta da sikila. Aka yi mata maganin maleriya, aka bi da na taifot, aka sallame ta. Iyayen suka kai ta wurin maɗori, wanzami ya yi mata sakiya, wata gwaggo ta ce iska ce, daga ƙarshe mai kemis ya ɗora ta a kan ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe. Zafin ya lafa, fuska ta kumbura, girma ya tsaya. Sai bayan shekara biyu aka samu kuɗin kai ta asibitin koyarwa a wata jiha, inda aka gane ciwon cikin 'yan kwanaki. A lokacin gwiwa ɗaya ta riga ta lanƙwashe, ido ɗaya kuma ya dushe, domin wannan ciwo yana kumbura cikin ido ba tare da ja ko zafi ba, sai likitan ido ya duba da na'urarsa ake gani. Maganin da aka ba ta, methotrexate, sau ɗaya ake sha a mako, kuma ba ya cikin magunguna masu tsada.

Ranka ya daɗe, ban kawo labarin don in zargi wani ba. Ba a koya mana mu nemi ciwon ba, kuma hakan yana da tarihi. A 1968 wani likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, wanda ya yi aiki a Ibadan kafin ya koma Zariya, ya wallafa nazarin da ya nuna cewa cututtukan garkuwar jiki ba su cika bayyana a asibitin da ya bincika ba. Aka daɗe ana ɗaukar su ciwon Turawa. Abin da ya rusa wannan zato shi ne aikin masu bincike irin su Farfesa Olufemi Adelowo a Legas, waɗanda suka riƙa rubuta majinyatansu ɗaya bayan ɗaya suna wallafawa. A 2019 likitocin wannan fanni na yara suka kafa ƙungiyarsu ta Afirka, PAFLAR, ƙarƙashin jagorancin Dakta Angela Migowa ta Kenya. Duk da haka, ƙwararrun fannin a Najeriya ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba.

Kwanakin baya ɗana ya buɗe mini a intanet jerin rubuce-rubucen wata mai bincike a wannan fanni. Na yi kwana uku ina bi a hankali. Ba na cewa na fahimci duk lissafin da ke ciki, amma na gane tambayoyin, domin su ne tambayoyin da ya kamata mu yi a kan waccan yarinya: yara nawa aka gani, wata nawa suka ɓata kafin a gane ciwon, su wa ya taɓa wa ido ko ƙoda, wane magani ya yi aiki, su wa suka koma makaranta. Da irin waɗannan takardu ake zuwa gaban gwamnati a nemi kuɗin magani, da su ake koyar da ɗalibai. Na kai ƙarshen jerin ban ci karo da sunan Gusau ba, ballantana Gummi ko Shinkafi. Ban ga laifinta ba, kowa gonarsa yake nomawa. Tambayar ita ce wa zai noma tamu.

Zamfara ta fi kowace jiha sanin tsadar rashin lissafi. A 2010 yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana ɗauka zazzaɓi ne, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka lura, aka auna jini, aka gano gubar dalma ce daga dutsen zinariya. Kimanin yara 400 suka rasu. Baƙi ne suka jagoranci ƙirga mana 'ya'yanmu, su ne kuma suka jagoranci wallafa labarin a mujallun likitanci. Ko za mu sake zama jiran wasu baƙin su zo su sanar da mu abin da ke cikin ɗakunanmu?

Ba sai na tuna maka ba cewa a Abuja shugabannin Afirka suka zauna a 2001 suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, kuma a Bamako a 2008 aka yi kira da a ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na kuɗin ma'aikatun lafiya ga bincike. Na san bincike ba shi da ƙyallen da za a yanka, ba a kiran maroƙa ranar da likita ya kammala rubutu, ba kuma a manna masa hoton kowa. Wataƙila shi ya sa kullum shi ne marayan kasafi.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin katangar asibiti guda ba. A zaɓi likitocin yara biyu 'yan jiha, a biya musu horo a wannan fanni, da sharaɗin su dawo su yi aiki a gida. A buɗe rajista ɗaya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau za su riƙa shigar da duk yaron da kumburin gaɓarsa ya wuce mako 6, a ba su ɗan kuɗin da za su tattara sakamakon su wallafa da sunan Zamfara. Manyan asibitocin ƙananan hukumomi 14 kuwa takarda shafi ɗaya ta ishe su, mai cewa idan ba sikila ba ce kuma kumburin ya ƙi sauka, a turo yaron Gusau, a daina ɗura masa maganin taifot.

Akwai sauran batutuwa. Ciwon maƙogwaro da ba a yi wa maganin fenisilin ba yana iya komawa ya lalata zuciyar yaro, shi ma aikin garkuwar jiki ne. Ya kamata magungunan nan su shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha. Halin da hanyar Tsafe zuwa Funtuwa ke ciki kuwa, ga uwar da za ta kai yaro Zariya duk wata, kai ka fi ni sani.

Ranar 18 ga Maris ce ake tunawa da yara masu irin waɗannan cututtuka a duniya. Don girman Allah, kada a yi mana taro da riguna masu tambari. Ina roƙon kafin ranar ta zagayo a sanar da sunayen likitocin biyu, a kuma nuna mana layin da aka rubuta kuɗin rajistar a cikin kasafi.

Wassalam.

Tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
Gusau, Jihar Zamfara