Koke Kan Saran Itatuwan Kan Dutse da Ke Gabas da Fadamarmu

Zuwa ga Mai Girma Uban Ƙasa,

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya.

Mu manoman fadama da makiyaya na bakin Gulbin Rima muka kawo kukanmu gabanka. Masu gawayi sun hau dutsen da ke bisa ƙauyukanmu, sun gama da kirya da marke, yanzu sun koma kan kalgo da sabara, har saiwa suke tonewa.

Ranka ya daɗe, daminarmu gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan kuma da ƙarfi yake zuwa. Lokacin da dutsen ke da itatuwa, ganye ne ke fara tare ɗigon ruwa, busasshen ganyen da ya zuba ya riƙe shi, saiwoyi su buɗe masa hanya ya nutse ƙasa. Wannan ruwan da ya nutse shi ke tsattsafowa a korama bayan kaka, shi ke riƙe rijiyoyinmu har bazara. Yanzu da aka aske dutsen, ana yin ruwa da la'asar, kafin magariba ya gangaro ja wur, ya yanka kwazazzabai, ya binne mana shinkafa da yashi. Kwana biyu korama ta ƙafe kamar ba a yi ba. Masu albasa da tafarnuwa sai ƙara zurfin rijiya suke yi.

Ba mu manta ambaliyar Satumbar 2010 ba, wadda ta cinye gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ba mu ce itace zai tare irin wannan ba. Amma lakar da ke barin duwatsu a gulbi take zama, ta cike shi.

Roƙonmu, ka umarci hakimai da masu unguwanni su hana saran ɗanyen itace a kan dutsen da bakin korama. A bar kututture ya tofo, kamar yadda manoman Maraɗi ke yi, mu kuma za mu fito gayya mu jera duwatsu a gangare. In za a kawo dashe, a kawo bagaruwa da aduwa. Itacen turare kuwa shan ruwa gare shi, kada a kai shi bakin rijiya.

Masu gawayin nan 'ya'yanmu ne, talauci ya kai su. A zauna da su a fada kafin ruwan farko.

Naka masu biyayya,
Manoma da makiyayan fadama