Zuwa ga Yayata, daga Landan

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jikin Hajiya, ya fama da jama'a? Mu nan lafiya ƙalau, sai sanyi da ya fara kankama.

Na ga saƙonki cewa an sa bikin auta a Nuwamba, Allah ya sa alheri. Don Allah ki taya ni ba Hajiya haƙuri, ni kaɗai zan zo, ban da yara. A nan ba a cire yaro daga makaranta don biki. Tun watan Agustan 2024, idan yaro ya yi fashin kwana biyar ba izini, ƙaramar hukuma na iya cin tarar fam 80, uwa daban uba daban, a kan kowane yaro. In kwana 21 suka wuce ba a biya ba, ta koma 160. Ranar Sallah dai suna bari in an sanar. Yara sai dogon hutu, ƙarshen Yuli. Ki cire min anko, zan turo kuɗin.

Makon jiya muka je ganawar iyaye da malamai, ni da Abbansu. Ba irin taron PTA ɗinmu ba ne, da ake tara iyaye ana ta maganar kuɗin katanga. Kowa da lokacinsa, kamar minti goma, ta waya ake zaɓa. Aka zaunar da mu a kan 'yan kujerun yara, gwiwar Abbansu har tana dukan tebur, malama ta baje mana littattafan ɗanki.

Ta ce lissafi kam ba ta da abin cewa. Abin da ke damunta, in tana masa magana sai ya sunkuyar da kai, ba ya kallonta. Wai ko kunnensa ne, ko kuwa wani abu na damunsa a gida? Na ce mata mu muka koya masa, a wajenmu yaron da ya tsura wa babba ido shi ake kira marar kunya. Ta yi jim, ta rubuta. Da ba mu je ba, Allah kaɗai ya san fassarar da za ta yi wa yaron nan.

Daga nan ta jefo min tambayar da ta ɗaure min kai: in gaya mata abin da nake alfahari da shi game da shi. Yaya, ɗan fari fa! Ni da ko sunansa ba na kamawa. Abbansu sai murmushi yake yana kallon silin. Na daure na ce ya haddace izu biyu, kuma shi ke karanta wa ƙanwarsa littafi da daddare. Dole in faɗa, don a nan uwar da ta yi kara ta yi shiru, ɗauka ake ba ta damu da ɗanta ba.

Kin san mu mun taso iyaye ba sa leƙa makaranta sai an yi laifi. Su kuma tun 1986 doka ta hana duka a makarantun gwamnati, malami ba shi da bulala, sai ya nemi iyaye. Wani lokacin abin har ya yi yawa, yaro ya ƙuje gwiwa sai ga takarda a jaka, ga littafin karatu da ake so in riƙa sa wa hannu. Duk da haka na fi son hakan. Mun ma yi maganar azumi tun yanzu, ta ce in zai yi, in rubuto mata don ta sa masa ido a lokacin wasanni.

Wancan karon kin ce sakamakon babban naki ya ja baya. Kafin Yaya Alhaji ya ɗauko dorina, ki je da kanki ki ga malamin ajinsu, ki tambaye shi a wane layi yaron yake zama, ko yana hango allo sosai. Ki karɓo lambarsa.

A gaida Hajiya da kyau, da su Inna da yara duka.

Taki ƙanwa.